Rilen injin ƙyanƙyasa ya ƙi kiyaye lokaci

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum. Na haɗa Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa kod (umarnin aiki), da rile, makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa, don ya riƙa juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa duk bayan awa 2. Wata rana ya juya daidai, wata rana ya wuni ko motsi babu. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Mai gyara a Panteka: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ɗora wa kod laifi, lura ko allon yana komawa farko duk sanda rilen ya saki. Haka ta faru da ni a kan famfon rijiyar burtsatse. Naɗin wayar da ke cikin rile, da zarar an yanke masa wuta, sai ya watso wata mai ƙarfi baya, Arduino ya firgita ya manta lissafinsa. Diyod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, na gitta a ƙafafun naɗin, na kuma ware wa rilen wutarsa daban. Wajen 70 mA (ma'aunin yawan wuta) rilen yake sha, alhali ƙafar Arduino 20 mA aka so ta ɗauka. Idan ba ta taransista (ƙaramin makunnin da ke ɗauke wa ƙafar Arduino nauyin wutar) ka kunna rilen ba, gyara nan tukuna.

Ɗalibar Poli: Ni abin kunya ne ya same ni. Kwana uku ina canza rile, ashe a int, wani ƙaramin ma'ajin lamba a cikin kod, na zuba lokacin. A Uno, int ba ya wuce 32,767, kuma da yake ana ƙirga lokacin da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), ko daƙiƙa 33 bai cika ba, awa 2 kuwa milisakan 7,200,000 ce. Da na mayar da shi unsigned long, ma'ajin da ke ɗaukar manyan lambobi, shi ke nan.

Na Kawo: Malam, sau nawa ake ɗauke muku wuta a rana? Ai millis, mai ƙirga lokaci a cikin Arduino, daga lokacin da aka kunna allon yake ƙirga. In an ɗauke kafin awa 2 ta cika, ya koma sifili, ƙwai na nan kwance. Ni DS3231, ƙaramin allon agogo, na saka, batirinta CR2032 yana riƙe agogo ko babu wuta, sai na ce ya juya a ƙarfe 6, 8, 10. Masu tsoratar da kai cewa millis yana cika a kwana 49, gaskiya ne, amma ƙwan kaza kwana 21 ne.

Ɗan Rigasa: Yallabai na Kawo, ka taɓo wurin. Jiya sau huɗu aka ɗauke, kuma daidai sauya layi zuwa janareta yake rikicewa. Gobe zan nemo DS3231 ɗin. Diyod kuwa na duba, akwai shi a jikin allon rilen.