Muhawara: Kariya daga mai laɓe ta isa hana sojan gona a tsarin shaida da suna?

Injiniya: Ga matsayina. A tsarin da sunanka ko adireshin imel ɗinka shi ne mabuɗinka na fili, in dai an tabbatar mai laɓe ba zai iya sojan gona ba, an gama. Ku dubi hirar Schnorr, wata hanyar tambaya da amsa da mai kati ke bi ya nuna wa mai tantancewa cewa yana riƙe da sirrinsa ba tare da ya bayyana shi ba. Mai kati ya zaɓi lambar bazata r, ya aika R = g^r, inda g lambar tushe ce da kowa ya sani. Mai tantancewa ya jefo tambaya c. Mai kati ya amsa da s = r + cx, inda x ne sirrinsa. Wanda ya naɗi wannan hira bai tsinci komai ba, domin shi ma zai iya ƙera irinta ba tare da x ba: ya fara zaɓar c da s, sannan ya lissafo R daga baya. To ƙarin lissafin da ake ɗora wa ƙananan katuna na mene ne?

Malama: Injiniya, hujjarka daidai ce, amma a kan mai tantancewa na ƙwarai take aiki, wanda ke zaɓar c da gaskiya. Idan na'urar karanta katin ita ce ɓarawon fa? Sai ta jira ta ga R, sannan ta tsara c yadda take so. Dabarar "fara da c da s" ta rushe ke nan, tunda yanzu c ta dogara da R. Shi ya sa masana suka raba hari gida uku: mai laɓe kawai, mai zama a kujerar mai tantancewa yana yi wa kati tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, da kuma mai buɗe hirarraki da yawa lokaci guda yana cakuɗa su. Hujjar matakin farko ba ta rufe na biyu da na uku.

Injiniya: To a nuna mini wanda ya fasa Schnorr ta wannan hanya.

Dakta: Ba wanda ya nuna hakan, kuma a nan kana da gaskiya. Sai dai rashin ganin ɓarawo ba hujja ba ce. Sai a 2002 Bellare da Palacio suka kawo hujjar cewa Schnorr da Guillou-Quisquater, wata hirar shaida irinta, suna jure hari mataki na biyu da na uku, kuma sai da suka jingina da zato mai nauyi fiye da na asali: cewa ko an ba maƙiyi damar a warware masa wasu matsaloli, ba zai iya warware ƙarin guda ɗaya da kansa ba. Wanda bai yarda da wannan zato ba yana da tsarin Okamoto na 1992. Can sirri biyu ne, x1 da x2, da tushe biyu, kuma hirar ba ta bayyana wane sirri mai kati ya riƙe cikin ɗimbin waɗanda suka dace da mabuɗin fili. Kuɗinsa ƙarin lissafi a wajen kati da amsa mai lamba biyu maimakon ɗaya. Ni dai ban ga tsada a nan ba.

Malama: Kuma duk ba mu taɓo abin da ya bambanta tsarin suna da sauran ba. Tun da Shamir ya kawo ra'ayin a 1984, sai a 2004 aka tsara ma'anar tsaronsa sosai, a aikin Kurosawa da Heng da kuma na Bellare, Namprempre da Neven. Sharaɗin da suka sa shi ne: maƙiyi na iya karɓar mabuɗan sirri na masu amfani da yawa, ko ya saye su ko ya yi rajista da sunaye na ƙarya, amma duk da haka kada ya iya fitowa da sunan wanda bai taɓa ba. Ku ɗauki Guillou-Quisquater. Cibiyar da ke raba mabuɗan sirri tana ba ka x wanda x^e ya yi daidai da H(suna) a ƙarƙashin N, inda e da N lambobin fili ne irin na tsarin ɓoye saƙo na RSA, H kuma hash ne, wato lissafin da ke dagula suna ya zama lamba. Cire hash ɗin nan H ka ga abin da zai faru. RSA tana bin ninki, don haka mutum biyu su ninka mabuɗansu, sun samu mabuɗin suna na uku wanda cibiya ba ta taɓa bayarwa ba. Babu laɓe a ciki, babu tambaya ko ɗaya.

Ɗalibi: Malama, a gafarce ni, wace e ake sawa? 65537 da aka saba gani a RSA?

Malama: Kul. A wannan tsari tambaya c ba ta wuce e. Da 65537, mai sojan gona ya yi canke kawai, zai dace sau ɗaya cikin 65537 a kowane gwaji, kuma na'ura ba ta gajiya da gwaji. Ko a ɗauki e babbar lamba firam (wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta) mai bit 128 ko fiye, ko a maimaita zagaye. Lissafin ɗaya ne da Fiat-Shamir na 1986 mai tambayar bit ɗaya: rabi da rabi a kowane zagaye, zagaye 20 ya ba da ɗaya cikin 1,048,576. A kuma ƙayyade yawan gwajin da aka yarda ya faɗi kafin a rufe ƙofa.

Injiniya: Na karɓi maganar hash da girman e, amma waɗannan kura-kuran gini ne, ba su rushe batuna ba. A aikace, a sa hirar cikin TLS, tsarin da ke tsare sadarwar intanet, kati ya tantance na'urar tukuna, shi ke nan mugun mai tantancewa ya fita daga lissafi.

Dakta: Ka dawo da takardun shaidar mabuɗi ke nan, masu tabbatar da mabuɗin fili na wane ne, waɗanda gudunsu ne ya kawo tsarin suna tun farko. Kuma na'urar halal ma ana sace ta. Bari in kawo wanda ya fi damuna, wanda ko hujjar mataki na uku ba ta rufe shi: mayar da kati baya. Wanda ya riƙe katin ya yanke masa wuta, ko ya dawo da hoton na'urar kwaikwayo na baya, sai kati ya sake fito da r ɗaya. Ya yi tambaya c1 ya samu s1, ya mayar, ya yi c2 ya samu s2. Sai x = (s1 − s2)/(c1 − c2). Hira biyu, sirri ya fita. Irin wannan maimaita lamba ce ta fallasa mabuɗin sa hannu na PlayStation 3 a 2010, duk da cewa can tsarin sa hannu na ECDSA ne, ba hirar shaida ba.

Ɗalibi: Ba sai a samo r daga hash na sirri ba, kamar yadda ƙa'idar sa hannu ta RFC 6979 ta tsara?

Dakta: A sa hannu wannan magani ne, domin saƙon yana hannu kafin a zaɓi lambar, kuma kowane saƙo da tasa. A hirar shaida guba ce. Tambaya tana zuwa ne bayan R, don haka r za ta zama ɗaya kullum, ka miƙa wa ɓarawo harin ba sai ya yanke wuta ba. Bellare, Fischlin, Goldwasser da Micali sun duba wannan a 2001. Hanya ɗaya: mai tantancewa ya fara kulle tambayarsa ya aiko da kullin, kati ya samo r daga sirrinsa haɗe da wannan kulli, ta yadda canza tambaya zai canza r. Wata hanyar mai sauƙi: kati ya sa hannu kawai a kan tambayar, a haƙura da cewa hirar ta bar shaidar da za a iya nuna wa wani.

Malama: Akwai kuma ɗan tsakiya mai miƙa saƙo daga kati zuwa ƙofa ba tare da ya taɓa komai ba. Babu lissafin da ke hana shi, sai auna lokacin amsa, kamar yadda Brands da Chaum suka tsara a 1993.

Injiniya: In haka ne, kun taimaka mini. Mayar da kati da ɗan tsakiya duk ba sa cikin matakai ukun da kuke kārewa. Ni inda zan kashe ƙarfi shi ne uwar mabuɗai, wato mabuɗin cibiya da ake fitar da na kowa daga gare shi. Cibiya na iya zama kowa a kowane lokaci, kuma in aka sace mabuɗinta sai an sake wa kowa. A raba shi tsakanin cibiyoyi, misali sai uku cikin biyar sun haɗu kafin a fitar da mabuɗin mutum. A liƙa wa suna watan ƙarewa, tunda ba a soke suna yadda ake soke takarda.

Malama: Duk a yi. Amma wanda zai tsare uwar mabuɗai haka, sannan ya saki kati yana amsa wa kowace na'ura da hujjar mai laɓe kaɗai, sai ya faɗa mana wa ya ba shi tabbacin duk na'urorin nan na ƙwarai ne. Injiniya, a tsarinka wa ke tantance mai tantancewa, kuma da wane mabuɗi?