Daga Legas zuwa Finestre da Assietta na Italiya da keke: wace giyar keke, wace taya, kuma wane wata?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu keke. In Allah Ya yarda ina son zuwa Italiya da keken tsakuwa, in hau mashigin dutsen Colle delle Finestre daga garin Susa, in bi hanyar Assietta har Sestriere. Kekena yana da faranti biyu a gaba, masu haƙora 50 da 34, babban haƙorin baya 32, tayar milimita 38 mai tub. Nauyina kilo 72. Duk tuƙina tsakanin Lekki da Epe ne, kun san ba wani tudun kirki. Keken zai iya a haka? Wane wata ya fi? Kuma ana gama zagayen, har a dawo Susa, a yini ɗaya?

Bakaniken Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Keken zai iya, amma ba da wannan giyar ba.

Susa tana kan mita 500 ne, ƙololuwar Finestre mita 2,178, tsakaninsu kilomita 18 da rabi. Matsakaicin tsayuwar hanyar ya ɗan haura kashi 9 cikin ɗari, kuma ba shimfiɗaɗɗen wurin da ƙafa za ta huta. Tun a Meana di Susa akwai inda ya kai kashi 14. Kilomita takwas na ƙarshe babu kwalta, tsakuwa ce.

Kai da keke da ruwa da kaya, mu ce kilo 85. Ƙarfin da mai matsakaicin horo zai iya riƙewa na awa uku zai ba shi wajen kilomita 6 a awa a wannan tudun. Da 34 gaba 32 baya, feda za ta riƙa juyawa sau 45 kacal a minti. Wannan ba tuƙi ba ne, daka ne, gwiwa ce za ta biya. A kan kwalta mutum yana miƙewa tsaye ya danna, amma a kan tsakuwa da zarar ka ɗaga daga sirdi nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta karta a wuri ɗaya. Dole a zaune za ka hau, shi ya sa giya mai laushi ta zama tilas.

Sauya farantin gaba zuwa 46 da 30, irin na Shimano GRX, baya kuma 34, ko 36 in abin sauya giyarka na baya zai ɗauka. Da 30 da 36 juyin zai koma wajen 57, ka ga akwai bambanci. Sai ka kula, farantin GRX ya fi na keken kwalta fitowa waje da milimita biyu da rabi, don haka da abin sauya giyar gaba nasa ake haɗa shi, in ba haka ba kaca za ta yi ta gugar ƙarfe. Sa sabuwar kaca, a auna tsawonta daga farko, kar a kwaikwayi tsawon tsohuwar.

Taya: in firam ɗinka zai ɗauki milimita 45, sa ta, ka bar aƙalla milimita 5 kowane gefe saboda laka. Cire tub ka koma tubles, wato taya marar tub, ruwan liƙe huji mililita 60 a kowace taya. Iska 28 a gaba, 31 a baya a ma'aunin psi, ka gwada ka ƙara ko ka rage kaɗan. Abin da ke kashe tub a can ba ƙusa ba ce, dutse ne ke matse shi da bakin rim ya yi huji biyu kamar saran maciji. In ka cika iska don gudun haka, keken ya yi ta tsalle, hannu ya mutu kafin Sestriere. Duk da haka riƙe tub biyu, da igiyar toshe huji, da famfon hannu, da mahaɗin kaca, da ƙarfen da ke riƙe abin sauya giyar baya. Wannan ƙarfen kowane firam da irin nasa, ba za ka same shi a shagon ƙauye ba.

Malamin Obalende:
Oga bakanike ya gama da hawa, amma ni saukowa ta fi ba ni tsoro a kan mutumin Legas. A nan birki na tsayawa ne a gaban danfo. A can za ka riƙe shi minti ashirin, talatin, yana cin wuta.

Faifan birki ya zama milimita 160 gaba da baya. Takalmin birki mai ƙarfe ya fi na roba jure zafi, ko da yake ya fi ƙara, kuma ka duba faifanka, akwai waɗanda aka rubuta na roba kaɗai suke ɗauka. Sabon takalmi ba a kai shi dutse haka nan. Yi gudu ka taka da ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka saki, kamar sau ashirin. In birkinka mai amfani da man birki nau'in DOT ne, kamar yawancin na kamfanin SRAM, a juye man kafin tafiya. Man yana shan danshi, Legas kuwa danshi ne gidanta. Da zafi ya yi yawa ruwan da ke ciki ya tafasa, sai ka ja hannun birki ya taɓa kan keke babu komai. Na Shimano man ma'adini ne, kuma ba a haɗa su ko da wasa. Wajen sauka kar ka jiƙa birki a hankali tun daga sama har ƙasa. Taka sosai kafin kwana, saki, bar shi ya sha iska.

Batun wata: Yuli zuwa tsakiyar Satumba. A watan Yuni dusar ƙanƙara tana iya toshe saman Assietta. Hanyar soja ce ta dā, kilomita 34 daga Pian dell'Alpe zuwa Sestriere, kusan dukkanta sama da mita 2,000, inda ta fi tsawo kuma ta haura 2,500. Wato ta ɗara Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. A Yuli da Agusta akan hana motoci da babura bin ta da rana a ranakun Laraba da Asabar. Nemi waɗannan ranakun, don sauran kwanaki ƙurar jif-jif za ka sha. Ka tabbatar da jadawalin shekarar kafin ka yanki tikiti.

Sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita dubu. In Susa tana 28, saman yana wajen 15, ga iska, ga rigarka jiƙe da gumi. Rigar ruwa, safar hannu mai yatsu da wata riga busasshiya su shiga jaka ko da gari ya waye tas. Hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar, kuma saman dutsen fili ne fetal, ba wurin fakewa. Bar Susa da asuba.

Yini ɗaya kuwa, ban ba ka shawara ba. Zagayen ta Sestriere, Cesana, Oulx, a dawo Susa kusan kilomita 100 ne, hawan ya haura mita 2,500. A saman Assietta iskar da kake shaƙa kusan kashi uku cikin huɗu ce ta bakin teku, kai kuma daga bakin tekun ka fito. Raba shi biyu, ka kwana a wajen Pian dell'Alpe ko Usseaux.

Ɗan Agege:
Allah Ya saka da alheri. Malam, to horo fa? Kuma zan iya tafiya da kilishi a matsayin guzuri?

Hajiyar Mile 12:
Ɗana, kilishin nan ci abinka a Agege. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Dabino ya halatta. A Turin je kasuwar Porta Palazzo, akwai mahauta na halal. A masaukin kan dutse ka kiyayi prosciutto, speck, salame, lardo da strutto, duk alade ne, na ƙarshen kitse ne da ake sawa har cikin burodi. Polenta da cuku ta ishe ka, tuwon masara ne kawai da wani suna.

A kan keke ci kafin yunwa ta zo, wajen giram 60 na abinci mai sitaci ko zaƙi a awa, kamar ƙananan dabino goma. Gora biyu na mililita 750, ka cika su a duk famfon da ka gani, sai wanda aka rubuta "non potabile", wato ba na sha ba. A saman Assietta ruwa ya yi ƙaranci. In ka haɗu da garken tumaki da manyan fararen karnuka, sauka ka tura keken, ya zama tsakaninka da karen, ka zagaye garken. Gudu ne ke sa su bi mutum.

Ni dai ban ga laifin yini ɗaya ba in an yi dabara, Malam. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, kuma Oulx tana da tashar jirgin ƙasa. In ƙafa ta ƙi, ya hau jirgi zuwa Bussoleno ya sauya na Susa. Sharaɗin shi ne ya fara kwana biyu ko uku a Sestriere ko Bardonecchia jiki ya saba da iskar.

Inshorar lafiya ta bizar Schengen, wato bizar shiga Italiya, dole ta zama mai iya biyan aƙalla Yuro 30,000, amma karanta ko ta haɗa da ceto a kan dutse. Lambar gaggawa 112.

Bakaniken Idi-Araba:
Horo a Legas: sa giya mai nauyi a hanyar Epe, juyi 55 zuwa 60 a minti, a zaune, minti 15 sau huɗu, hutun minti biyar a tsakani, sau biyu a mako. Amma saukowa ba a koyonta a shimfiɗe. Samu mako guda ka je Jos, ko Obudu inda hanyar hawa take da kilomita 11 na kwana-kwana.

Wajen sa keken a kwali, cire abin sauya giyar baya ka naɗe shi, cire faifan birki kar su lanƙwashe, ka cusa 'yar roba tsakanin takalman birki, don in aka matsa hannun babu faifai sai su manne. Ƙananan tulunan gas na hura taya saya a Turin, kamfanonin jirgi da yawa ba sa yarda da su. Kawo keken a gyara wata guda kafin tafiya, ka tuƙa shi kilomita 300 a sabuwar giyar, wayar sauya giya ta gama miƙewa a sake saita ta.