Shin masu karatun Orson Scott Card sun yi masa adalci?

Malam Sabo: Salamu alaikum jama'a. Orson Scott Card, marubucin nan ɗan Amurka da ya fitar da littafin Ender's Game a 1985, ya daɗe yana faɗa a fili cewa bai yarda da auren jinsi ba. Ɗan cocin Mormon ne, abin da addininsa ya koya masa ke nan. Da aka zo sakin fim ɗin littafin a 2013, sai wata ƙungiya mai suna Geeks OUT ta yi kira a ƙaurace masa. Ni dai na ce zalunci ne. Littafin bai tsare wa kowa komai ba, kuma bai kamata a toshe wa mutum hanyar abincinsa don ya faɗi aƙidarsa ba.

Ummi: Wa alaikumus salam Malam. A yi mini afuwa, amma an rage wani abu a labarin. Card bai tsaya a faɗin ra'ayi ba. A 2009 ya shiga kwamitin gudanarwa na National Organization for Marriage, ƙungiyar da ta yi ruwa ta yi tsaki wajen ƙuri'ar da ta haramta auren jinsi a jihar Kalifoniya a 2008. Tun 1990 ma ya rubuta maƙala yana cewa a bar dokokin da ke hukunta luwaɗi su ci gaba da zama a kundi. Wanda ya shiga fagen siyasa da ƙafarsa, ai ya san za a mayar masa da martani.

Malam Sabo: To a mayar masa da rubutu mana, Ummi. Alƙalami da alƙalami. Me ya kawo aljihu?

Ɗanjuma: Ina bayan Malam. Ku duba abin da ya faru da kamfanin DC Comics, mai buga littattafan labarai masu zane, a farkon 2013. Sun ɗauke shi ya rubuta musu labarin Superman, aka tara sa hannun mutane ana neman a sallame shi, mai zanen da aka haɗa su, Chris Sprouse, ya janye, labarin ya bi ruwa. Ba wanda ya karanta shi balle ya ce ga aibinsa. An yanke wa aiki hukunci tun bai fito ba.

Hajiya Binta: Ni a kan batun auren kansa, inda Card ya tsaya nan na tsaya, kowa ya sani. Amma Malam Sabo, mu ji tsoron Allah. A 2006, lokacin zanen ɓatancin nan na jaridar Denmark, Musulmi a ƙasashe da dama sun daina sayen kayan Denmark, kuma na tuna kai ma ka yaba. Masu yin madara da man shanu su suka yi zanen? Ba su ba ne. Idan ƙauracewa halal ce ranar da aka taɓa abin da muke ƙauna, ba za ta koma zalunci ba don wasu sun ɗauke ta a kan abin da su suke ƙauna. Kuɗin mutum nasa ne, ya kai inda ya ga dama.

Ɗanjuma: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Can ɓatanci aka yi.

Hajiya Binta: A wurinka da wurina, ƙanena. Su kuma a wurinsu mutumin yana aiki ne don a hana su abin da suke ɗauka haƙƙinsu. Ba sai ka yarda da su ba kafin ka gane dalilin fushinsu.

Yaya Auwal: Ku bar ni in shigo ta wajen littattafan, don na ga kamar ni kaɗai na karanta su a nan. Abin da ya sa wannan rigima ta yi zafi fiye da ta sauran marubuta shi ne abin da ke cikin labarin Ender's Game. Yaro ne aka horar ya hallaka wasu halittu da ake tsoro, daga baya ya gane ba a taɓa fahimtarsu ba, sai ya ƙare rayuwarsa yana ba da labarinsu. Na biyun, Speaker for the Dead na 1986, kacokan a kan haka yake: ka san wanda ba irinka ba kafin ka hukunta shi. Littattafan biyu sun ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya, shekara biyu a jere. Yara da yawa da suke jin an ware su sun karanta, suka ɗauka marubucin nasu ne. Da suka girma suka ga maƙalolinsa, sai suka ji kamar wanda ya rene su ne ya rufe musu ƙofa. Mai ƙin ka tun farko ba ya ba ka irin wannan ciwon.

Malam Sabo: Wannan ai hujjata ce, Auwal. Idan littafin ya koya musu alheri, alherin yana nan. Ra'ayin marubucin bai goge ko shafi ɗaya ba.

Yaya Auwal: Bai goge ba, shi ya sa nawa kwafin yana nan. Amma karatu ba lissafi ba ne Malam. Wani idan ya buɗe sai ya riƙa jin muryar mai maƙalar, daɗin ya tafi. Ba za ka tilasta masa ya ji daɗi ba.

Ummi: Kuma masu karatun ba hanya ɗaya suka bi ba. Wasu sun daina gaba ɗaya, wasu suna aro a laburare ko su sayi na hannu don kada kuɗinsu ya isa gare shi, wasu sun je kallon fim ɗin suna cewa ɗaruruwan ma'aikata ne suka yi shi, har da jarumi Harrison Ford. Kamfanin Lionsgate, mai rarraba fim ɗin, shi kansa ya fitar da sanarwa cewa bai yarda da ra'ayin Card ba, amma bai fasa sakin fim ɗin ba.

Ɗanjuma: Shi kuma Card, bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2013 da ya yi wa masu goyon bayan auren jinsi daɗi, ya ce magana ta ƙare, saura a ga ko waɗanda suka yi nasara za su yi haƙuri da masu saɓa musu. A shekarar ya bar kwamitin ƙungiyar nan da Ummi ta ambata. Me kuma ake nema?

Ummi: Cewa an kayar da kai daban, cewa ka sauya daban. Bai ce ya sauya ba, su ma ba su ce sun yafe ba.

Malam Sabo: Hajiya ta kama ni a kan Denmark, ba zan musa ba. Na janye kalmar zalunci a kan wanda ya riƙe kuɗinsa ya ƙi saye. Amma na DC ina nan a kan bakana. Ƙin saye daban, zuwa wurin mai ba mutum aiki a ce a kore shi daban.

Hajiya Binta: Wannan kam sai na yi tunani. Auwal, kawo mini na biyun nan in karanta tukuna.