Ruwan bagaruwa da tafarnuwa a dusar raguna, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Gidan Igwai: Assalamu alaikum. Ina da Balami shida a turke, saura wata uku Babbar Sallah. Ɗaya daga ciki duk ya ci dusa sai cikinsa ya kumbura ta hagu. Jiya a Kara wani ya nuna mini kwalba, wai ruwan tafarnuwa da bagaruwa ne aka tace, murfi ɗaya a dusa, yana rage iskar tumbi abinci ya zauna a jiki. Dubu tara ya ce. In saya, ko in daka tawa a gida?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ka ba su harawa da kanwa, shi ke nan.

Ɗan Gidan Igwai: Hajiya ina ba su. Kwalbar nake tambaya.

Baban Sadiya: Kada a yi min maganar bagaruwa. Bara wani yac ce tana sa ƙiba. Munka jiƙa ta kwana biyu cikin baho kamar majema, ruwan yay yi jawur, munka dama dusa da shi. Uda huɗu. Ranar farko sunka sansana sunka juya baya. Na ce yunwa ta sa su ci. Sunka ci kuwa, amma kashinsu ya koma kamar tsakuwa, in ya faɗi kan siminti har ƙara kake ji. Sati uku, babban da nike ji da shi ina ɗora hannu ina ƙirga haƙarƙari. Da na kai su Achida dillali ya dube ni yac ce, "Alhaji, azumi sunka yi?" Kuma kuɗin adashen uwargida na ciki. Har yau in anka ta da zancen rago gidanmu fita nikai.

Maman Ummi: Allah ya mayar da alheri. An dai biya ta kuɗinta ko?

Baban Sadiya: Hajiya bar wannan.

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Baba sannu, amma yawa ne ya yi. Abin da ke sa bagaruwa ta jeme fata sunansa tanin, yana kama furotin ya riƙe. In kaɗan ne yana hana ƙwayoyin halittar tumbi cinye furotin tun kafin ya kai hanji, yana kuma rage iskar mitan da dabba ke fitarwa ta gyatsa, wadda ƙarfin abinci ne ke tafiya a banza. In ya yi yawa, bauri ya hana ta ci, abin da ta ci ma bai narkewa. Tafarnuwa tana rage iskar a gwajin ɗakin bincike, amma a cikin dabba sau da yawa ƙwayoyin kan saba da ita. Mai tambaya, ka fara ba shi harawa kafin dusa, ka raba dusar kashi biyu. Tumbi na son kamar sati biyu kafin ya saba da sabon abinci. In kumburin bai bari ba, kira likitan dabbobi.

Sarkin Turke: Yaro, rago nawa ka taɓa turkewa? Shekara talatin ina zuba wa nawa 'ya'yan gawo, ban san wani tanin ba.

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Baba akwai shi a gawon ma, bai dai kai na bagaruwa ba.

Sarkin Turke: Kiwon takarda ke nan.

Na Wurno: Ku ba su tafarnuwa mana, ga ta nan wurinmu jibge. A ƙara citta da barkono, ranar Sallah sai gashi kawai.

Abu Hanif: Dubu tara? Irin kwalbar nan dubu huɗu da rabi aka yi mini tayi a Illela.

Na Wurno: Ni sha biyu na ji. Wataƙila taka an tsinka ta da ruwan Rima.

Abu Hanif: Ba takarda a jikinta, ba lambar NAFDAC, kowa farashin da ya ga dama yake faɗi.

Maman Ummi: Ni dusar ma ce damuwata. Buhun da na saya wancan satin na zuba a ruwa, buntun shinkafa ya taso sama, yashi ya kwanta a ƙasan roba, ya kai rabin kwano. Na mayar, mutumin ya ce haka aka kawo masa.

Baban Sadiya: Ƙwarai! Buhun ma an rage shi. Wanda ada mutum biyu ka ɗauka, yanzu ɗana na firamare na jan shi.

Ɗan Gidan Igwai: Hajiya, a wace rumfa kika saya? Don jiya na ɗauko buhu biyu ban buɗe ba tukuna.