Sabon bugun tsofaffin albam na rok: cin kuɗinmu ake yi ko da gaske akwai abin ji a ciki?

Mai_Gita_Hagu ya rubuta:

Salam jama'a. Na san masu jin rok a nan ba mu da yawa amma dai bari in jefa tambayar, wataƙila a dace. Kwana uku kenan ina ta jin sabon bugun Nebraska na Bruce Springsteen wanda aka fitar a 2025, irin wanda suke ce wa dilaks ɗin nan, kuma wallahi ya rikita ni. Ga wanda bai sani ba, asalin albam ɗin a 1982 ya fito, kuma mutumin a ɗakin gidansa a New Jersey ya ɗauke shi da ƴar na'urar kaset ta Tascam mai layi 4, wato mai ɗaukar sauti huɗu daban-daban, shi da gita da harmonika da ƴan ƙananan kayan kiɗa, ba ganga. Niyyarsa ma ba albam ba ce, samfuri ne kawai zai kai wa ƴan ƙungiyarsa ta E Street Band su koya. Suka shiga babban situdiyo a New York suka buga waƙoƙin da cikakkun kayan kiɗa, ƙarshe aka ga ba su kai kaset ɗin ba, sai aka saki kaset ɗin yadda yake. Shekara 40 da ɗoriya masoyansa suna ta kukan a ba su wancan na situdiyon, yanzu an ba su, na ji, kuma gaskiya ni dai na kaset ɗin ya fi shiga raina nesa ba kusa ba.

To tambayata biyu ce. Na ɗaya, in dai asalin shi ne mai kyau, meye amfanin duk wannan tarkacen da ake haɗowa a kwali a sayar da tsada? Na biyu kuma ta shafe ni kai tsaye, ina da waƙoƙi 6 da na ɗauka a ɗakina da laftof da makirfo ɗaya, wata 8 ina tara kuɗin zuwa situdiyo in sake su, yanzu zuciyata ta fara ce min kar in je. Me kuka gani?

Kawu_Faifai ya rubuta:

Yaro cin kuɗi ne, kar ma ka wahalar da kanka. Ni tun zamanin da ake juya kaset da biro nake jin kiɗan nan, kuma na ga yadda abin yake tafiya: albam ya cika shekara 20 a sake bugawa, ya cika 30 a sake, ya kai 50 a zuba shi a ƙaton kwali da littafi da hotuna da fosta, kai ka ce kayan lefe ne. Nevermind na Nirvana kaɗai ya fito a 1991, an yi masa bugun 2011, an sake na 2021. Mutumin da ya rera ya rasu tun 1994, wa ya tambaye shi ko yana so a ji gwaje-gwajen da ya yi ya watsar?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya kamata a gyara ba shi ake gyarawa ba. Duk mai jin Metallica ya san albam ɗinsu na 1988, And Justice for All, ba a jin bes, gitar nan mai kaurin sauti, a ciki, kamar mai bes ɗin bai zo aiki ba ranar. Aka yi bugun cika shekara 30 a 2018, kowa ya zuba kunne, shiru, bes yana nan a binne. Su kuma Rolling Stones da suka sake fitar da Exile on Main St. a 2010, wasu daga cikin ƙarin waƙoƙin tsohon kiɗa ne amma Mick Jagger ya ɗora sabuwar murya a kai, muryar dattijo kan kiɗan samari. Wannan ai ba tarihi aka ba ka ba, kwaskwarima ce.

Kuma mafi yawan abin da suke kira rimasta ƙara ƙarfin sauti ne kawai, a matse sautin har wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya fashe su zama ɗaya, minti 20 kunnenka ya gaji.

Yar_Miksin ta rubuta:

Kawu ina gaisuwa, amma a nan kam ban bi ka duka ba. Ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Rimasta daban, rimiks daban. A rimasta an riga an gama haɗa komai, miya ta dahu, iyaka a ɗan ƙara gishiri ko a rage, shi ya sa ba yadda za a yi bes ɗin Metallica ya fito ta wannan hanyar, kuma su da kansu ba su so a taɓa haɗin ba. A rimiks kuwa komawa ake yi kan asalin tef ɗin, murya daban, ganga daban, gita daban, a sake haɗawa daga farko.

Misali da ya faru da ni: muna makaranta ni da ƙawata muna raba iyafis, ita kunne ɗaya ni kunne ɗaya, muka sa Revolver na Beatles na 1966, a wata waƙar ni kusan duk kayan kiɗan suna wajena ita kuma ɗan abin da ya rage take ji, har muka ɗauka iyafis ɗin ne ya lalace muka sayi wani. Ashe haka tsohon sitiriyon, wato haɗin da ke raba sauti dama da hagu, yake, saboda a layi 4 suka yi aikin, kayan kiɗa da yawa an cusa su a layi ɗaya ba a iya raba su. Sai a 2022 Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya yi asalin aikin, ya sake haɗa shi da fasahar da mutanen Peter Jackson, mai shirya finafinai, suka ƙirƙiro mai iya zare kowane kayan kiɗa daban. Yanzu ganga tana tsakiya inda ya kamata. Wannan ba zan kira shi cin kuɗi ba, ko da yake na san akwai masu cewa na mono na asali, wanda ba a raba sautinsa dama da hagu ba, shi ne na gaskiya, kuma suna da hujjarsu don shi ƴan ƙungiyar suka fi ba wa lokaci.

Sannan batun tarkace. Ga mai ji kawai yana wanke-wanke, eh tarkace ne. Ga mai son koyon aikin kuwa makaranta ce kyauta. Bugun 2018 na albam ɗin Beatles da ake kira White Album ya zo da samfuran da suka ɗauka a gidan mai gitarsu George Harrison a garin Esher a watan Mayun 1968, suna zaune da gitoci marasa lantarki ana tafi ana dariya. In ka ji wannan ka dawo ka ji na ƙarshe sai ka gane me aka ƙara, me aka cire, wane baiti aka jefar. Ni a nan na koyi cewa yawancin gyara ragewa ne. Kai ma mai tambaya, da ba a fitar da na situdiyon Nebraska ba ta yaya za ka tabbatar kaset ɗin ya fi? Da har yanzu jita-jita kake ji.

Amma kwalin kam ban taɓa saya ba, da canjin dala na yanzu wa zai iya, a waya nake ji kamar kowa.

Kawu_Faifai ya rubuta:

To ƴata na karɓi gyara kan Revolver, wannan ɗaya. Amma sau nawa kika ji samfuran nan? Sau ɗaya, ki rantse. Faifai na 3 da na 4 a kwalin nan ba mai komawa kansu.

Yar_Miksin ta rubuta:

Hhhh Kawu na Esher na fi sau 30, sauran kam ka kama ni.

Dan_Tawa ya rubuta:

Ni daga Nijar nake, bari in taɓa tambaya ta biyu don na ga an bar ta. Ba sai mun tafi Amurka neman misali ba. Mdou Moctar namu, wanda yanzu yake zagaya duniya ana kiransa gwanin gitar rok, gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Albam ɗinsa na farko Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ba kanti ya kai shi ga mutane ba, daga salula zuwa salula ya yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori har ya faɗa hannun kamfanin faifai na Sahel Sounds suka fitar da shi waje. Sautin an matse shi ya zama ƙaramin fayil, amma waƙar ta tsallake hamada.

Sai dai abokina kar labarin Nebraska ya ruɗe ka. Waƙoƙin nan na kaɗaici ne, labarin masu laifi da talakawan da duniya ta juya wa baya, shi ya sa ɗaki shiru da shuuu ɗin kaset suka dace da su. A cikin kaset ɗin nan akwai Born in the U.S.A., kuma ita sai da aka buga ta da ganguna a situdiyo ta zama abin da ta zama a 1984. Ka ga mutum ɗaya, kaset ɗaya, amsa biyu. Kuma ko Nebraska ɗin sai da injiniyoyi suka sha wahala kafin su iya mayar da kaset ɗin faifai. Haka Dave Grohl na ƙungiyar Foo Fighters da ake cewa ya yi Wasting Light, albam ɗinsu na 2011, a garejin gidansa, gaskiya ne a gareji ne, amma da manyan na'urorin tef da Butch Vig a zaune, furodusan da ya yi aikin Nevermind. Garejinsa ba irin namu ba ne.

Ni a ɗaki nake ɗauka. Abin da na koya, ɗakin ya fi makirfo muhimmanci. Siminti tsirara da rufin kwano su ne abokan gaba, murya tana dukan bango tana dawowa kamar kana cikin rijiya. Ina jingina katifa a bango bayana, in rataya bargo biyu a gefe, in kashe fanka in yi ta zufa, kuma sai wajen ƙarfe 2 na dare lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru. Akwai wata ɗauka da na fi so a duk abin da na yi, a ƙarshenta zakara ya yi cara, na sake ta sau 11 ban samu irin ta ba, na bar zakaran.

Shawarata, in waƙoƙinka murya da gita ne, bar su, ka ba mai miksin, wato mai haɗa sauti, kuɗi kaɗan ya share maka. In akwai mai buƙatar ganga ta gaske, wannan kai ta situdiyo, ganga ba ta ɗaukuwa da makirfo ɗaya a ɗakin haya, kuma mai gida zai kore ka.

Mai_Gita_Hagu ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Dan_Tawa ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, cikin 6 ɗin guda 2 ne nake jin ganga a kaina duk lokacin da na saurare su, sauran 4 ina ganin haka za su zauna. Matsalar ɗaya a cikinsu akwai inda babur ya wuce daidai kan amshi na biyu. Anti Yar_Miksin ana iya cire wannan ko sai na sake?

Yar_Miksin ta rubuta:

Ya danganta, in murya da gita a layi ɗaya ka ɗauka zai yi wuya a cire ba tare da muryar ta yi kamar kana cikin ruwa ba. In amshi na farko ya fita tsaf kuma gudun kiɗan bai canza ba, sai a yanko shi a liƙa a wurin. Turo min asalin fayil ɗin, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba don yana matse sauti, in saurara da daddare in an kawo wuta.