Fenti ya ƙi kama bango bayan an shafa maganin korar ruwa

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum masana. Bangon waje ne na siminti, an shafe shi da ruwan silikon mai hana shan ruwa kafin damina. Yanzu an zo yin fentin ruwa, sai ya riƙa dunƙulewa yana gangarowa, inda ya bushe kuma yana ɓarewa da farce. Fentin ne jabu ko me?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, fentin ba shi da laifi. Wannan maganin ratsa filasta yake yi, ya shiga milimita kaɗan ya manne da sinadarin simintin, sai fuskar bangon ta daina yarda da ruwa. Ka ga yadda raɓa ke taruwa ƙwaya-ƙwaya a kan ganyen gwaza? Haka bangonka ya koma. A aune, idan kusurwar da ɗigon ruwa ya yi da bango ta haura digiri 90, bangon korar ruwa yake, idan ta gaza haka ruwan shimfiɗuwa yake. To fentin naka da ruwa aka dama shi, kuma abin da bai jiƙa bango ba ba zai kama shi ba. Tun farko ɗaya ake zaɓa: silikon a kan bangon da za a bari haka nan, ko fenti.

Mai Rola: Gyara na nan, sai dai da wahala. A kankare fentin da ya ɓare duka, a goge bangon da sanfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, a share ƙurar. Sai ka yayyafa ruwa ka gani. Idan wurin ya yi duhu cikin minti ɗaya, ya soma sha. Idan har yanzu ɗigo na tsayawa, kada ka ɓata fentinka, sai dai ka fara da shafin farko na mai, wato fentin share fage da ake shafawa kafin ainihin fenti, wanda aka rubuta yana jure kaifin siminti. Gwada a murabba'in mita ɗaya tukuna. Bayan kwana uku ka tsattsaga shi da reza, ka liƙa salatif ka fizge. In ya biyo salatif ɗin, bai kama ba.

Ɗan Tudu: Na gode ƙwarai. To ɗaya bangon da ba za a yi wa fenti ba fa? Ƙasansa kullum da danshi, har farin gishiri yake fitarwa.

Injiniya: A nan silikon ba zai yi maka komai ba. Ruwan sama mai bugun bango yake tarewa, wannan kuwa daga ƙasa yake hawowa ta tushen gini, galibi don ba a shimfiɗa ledar tare danshi ba. In ka shafa a kai, gishirin zai taru a bayan fuskar ya tura filastar ta kumbura. Fara kawar da ruwan da ke kwanciya a gindin bangon.

Inda ya dace a shafa kuma: sabuwar filasta sai ta cika kwana 28, bango ya bushe sarai. A toshe tsagar da ido ke gani, don maganin ba ya cike rami. A fara daga ƙasa zuwa sama, shafi biyu, na biyun tun na farko bai bushe ba, in ba haka ba na farkon zai kori na biyun. A rufe gilashin taga, tabonsa da wuyar fita, kuma a nemi ranar da ba hadari.