Desert Dash na Namibiya: in shiga ni kaɗai ko mu biyu?

Sadiq_Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa yi nake nema, ba waɗanda suka kalla a YouTube ba. Na ɗaura niyyar shiga tseren keke na Desert Dash a watan Disamba in Allah ya kai mu. Ga wanda bai sani ba, daga Windhoek ake tashi ranar Juma'a da rana, a haura duwatsun Khomas Hochland, a gangara hamadar Namib, a ƙare a Swakopmund bakin teku. Kusan kilomita 400, kuma awa 24 kacal ake ba mutum. Ni ko rabin haka ban taɓa yi a hawa ɗaya ba. Tambayata biyu ce. In yi rajista ni kaɗai, ko in haɗa da wani abokin aikina mu raba hanyar? Sannan kekena shokozoba ɗaya gare shi, a gaba. Zai kai ni, ko sai na nemi mai biyu?

Baban_Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a. Ka dai riƙa shan ruwa sosai.

Ɗan_Agadas: Malam Sadiq, hamada ba wajen wasa ba ce. Mu da muka tashi a bakin Tenere, wanda ya san hanya ma da rawani da garwar ruwa yake shiga, kuma ba ya tafiya da tsakar rana. Kai ka ce keke?

Habu_Jozi: Ƙanena, in za ka ji tawa, kada ka haɗa da kowa. Ni na yi, mu biyu, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Tsarin 'yan biyu shi ne ku tashi tare, ku shiga gari tare, tsakiyar kuma ku raba. Na ce ni zan ɗauki rabin farko tunda nan hawan yake. Windhoek kanta tana kan tudu kusan mita 1,700, kana fita gari sai hawan Kupferberg, rana na dukan ƙeya, ƙurar ɗaruruwan kekuna na shiga maƙogwaro. Kafin magariba jijiyar cinyata ta fara ɗaurewa. Gangaren Us Pass a cikin duhu na sauke shi, fitila ɗaya a kan keke ɗaya a goshi, yatsuna sun ƙage a kan birki. Daga nan zuwa kogin Kuiseb hanya ba ta san miƙewa ba, ka hau ka sauka, ka hau ka sauka. Na kai wurin canji, inda abokin tafiyata zai karɓe ni, cikin dare, da sauran lokaci a hannunmu mai yawa.

Me na tarar? Mutumina na kwance a mota da bargo. Sai da direbanmu ya tashe shi. Ya hau yana ƙunƙuni wai sanyi. Kafin asuba aka ce ya sauka, ko dutsen Bloedkoppie bai kai ba, wai gargadar hanya ta kashe masa hannu kuma cikinsa ya juya. Shi ke nan, tafiyarmu ta mutu. A mota na shiga Swakopmund ina kallon tsofaffi masu furfura suna wuce mu a kan keke. Kuɗin hayar motar da na biya mana, rabinsa har yanzu bai ba ni ba. Wata shida muna atisaye tare, ashe duk ranar da ya ce ya yi doguwar tafiya shi kaɗai, ƙarya ce.

Maman_Ikram: Subhanallah. Amma Yaya Habu, ciwon ciki ai ba mutum ke sa wa kansa ba.

Habu_Jozi: Hajiya, wanda ya ci naman gashi da lemon kwalba awa biyu kafin ya hau keke, shi ya sa wa kansa.

Sadiq_Kubwa: Allah ya huci zuciyarka Yaya Habu. To maganar shokozoba fa? Kuma duka-duka nawa tafiyar ta ci maka?

Habu_Jozi: Ka tanadi dala 4,000, in ba haka ba ka zauna gida.

Zongo_BCN: Haba, 4,000 ta ina? Kai da kake Johannesburg, jirgin awa biyu? Abokina ya je daga Turai, bai kashe 2,000 ba.

Habu_Jozi: Abokinka ya yi hayar mota da direba? Ya canza tayoyi da sarƙa kafin ya tafi? Ko a masallaci ya kwana?

Zongo_BCN: Shi kaɗai ya shiga. Ni dai shawarata Sadiq, ka manta da Namibiya ka zo Maroko. Gasar keke ta Titan Desert tun 2006 ake yin ta, kwana shida, wajen kilomita 600, kullum da yamma ka sauka a zango ka yi wanka ka kwana a tanti. Ranar tudun rairayi na Erg Chebbi kusa da Merzouga ce kawai azaba, nan kowa sauka yake ya tura. Na yi ta da shokozoba ɗaya, lafiya lau. Sirrin a taya yake: mai faɗi, marar tif, ka zuba ruwan faci a ciki, ka rage iska.

Habu_Jozi: Wanda yake kwana a tanti kullum ba shi da bakin ba da shawara kan tafiyar da ba a barci.

Zongo_BCN: Ni dai na gama tawa. Kai a mota ka shiga gari, da bakinka ka faɗa.

Ɗan_Agadas: Ku duka baƙi ne a hamada.

Auwal_Faci: Ranka ya daɗe, kai ma ai a bayan Hilux ka san ta. Ni shekara da shekaru ina gyaran keke a Kano, ku saurare ni. Abin da ke kashe tafiya irin wannan ba shokozoba ba ne, sirdi ne. Kada ka kuskura ka je da sabon sirdi ko sabon takalmi. Ka tafi da tif ko da tayarka marar tif ce, da mahaɗin sarƙa, da ƙarfen da ke riƙe giyar baya, don kowane keke da irin nasa, ba za ka samu a daji ba. Mai shokozoba biyu na hannu mai kyau, miliyan biyu da rabi zan nemo maka.

Maman_Ikram: Malam Auwal, mijina ya tambaya a Legas watan jiya, miliyan huɗu aka ce masa.

Auwal_Faci: Legas ce Hajiya.

Baban_Hanifa: Kakana a kan Raleigh yake zuwa cin kasuwar Maigatari da buhun gero a baya, giya ɗaya, bai taɓa biyan kowa kuɗin rajista ba. Yanzu mutum zai sayi tikitin jirgi ya je ya sayi wahala da dala 😂

Malam_Nuhu: Ba wanda ya yi maganar salla. La'asar, magariba, isha da asuba duk a kan hanya za su same ka, wataƙila har azahar ta gobe. Matafiyi ne kai, akwai kasaru da haɗawa, in ruwa ya yi ƙaranci ga taimama. Amma ka sa su cikin lissafin awa 24 ɗin tun daga gida.

Likita_Zee: Baban Hanifa ya ce a sha ruwa sosai, ina so in gyara. Zallar ruwa da yawa ba gishiri yana iya sauke gishirin jini, mutum ya fara amai da ruɗewa, kuma yana da haɗari. Ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, ka riƙa cin abu kaɗan-kaɗan tun awa ta farko, dabino ma ya isa. Kuma Disamba a can tsakiyar zafi ne, amma dare da sanyi, kusa da teku ga hazo da iska mai tura mutum baya. Ka yi atisayen dare tun yanzu, ka ga yadda cikinka yake karɓar abinci ƙarfe uku na dare.

Sadiq_Kubwa: Na gode Likita. Atisayen dare a Abuja kuwa sai dai cikin unguwa. To a taƙaice, ni kaɗai ko mu biyu?

Zongo_BCN: Kafin wannan, ka tambayi kamfanin jirginka kuɗin akwatin keke, kuma su rubuta maka. Ni a waya an ce kyauta ne cikin kayana, da na je kanta aka caje ni yuro 150.

Habu_Jozi: Kai ka samu naka lafiya. Nawa ya fito da faifan birki a lanƙwashe, akwatin a fashe. Na cike takarda, har yau shiru.

Maman_Ikram: Mu akwatin tufafi ma sati biyu ya yi kafin ya iso. Kuma katin banki fa? Mijina ya kwana uku yana ƙoƙarin biyan otal, kati na ƙin wucewa.

Baban_Hanifa: Wannan kam sai ka nemi wani a waje ya biya maka, ka tura masa naira. Shi ma da nasa farashin.

Auwal_Faci: Yaya Habu, faifan nan in bai karye ba ana miƙe shi. Milimita 160 ne ko 180? Turo hoto in gani.